Mai Riƙe Igiyar Sabo

A ranin shekarar 1955 ina gidanmu, a wani ɗan ƙauye kusa da Indabo. Na zo wankan jego ne daga Wudil inda nake aure. Ban daɗe da yin arba'in ba aka kawo ma'aikatan rijiya, aka ce za a haƙa mana rijiyar siminti mu huta da zuwa rafi. Wurin da suka zaɓa bayan dangarmu ne, a gindin wata tsamiya, har tarinsu ina ji daga tsakar gida.

Su takwas ne da helmansu, wato shugaban aikin, wani dogon mutum mai furfura, Malam Dattijo. Akwai kuma akawu, Malam Bilya, wanda yake zuwa a keke daga Wudil. A cikin masu shiga rami akwai Sabo, ɗan gwaggonmu, wanda ya gaji haƙar rijiya wurin mahaifinsa.

Sabo da yayana Haladu taubasai ne, kuma sa'o'in juna. Tun suna yara ba sa haɗuwa sai sun tsokani juna, wannan ya ce wancan bawansa ne, wancan ya ce wannan bai iya ɗaura wando ba. Amma shekara biyu kafin wannan lokaci suka yi faɗa a gona. Yaya Haladu ya ce Sabo ya matsar da gambar da ke kan iyaka, Sabo ya yi masa dariya, shi kuwa ya ɗaga ƙotar fartanya ya sauke masa a hannu. Ƙashi ya karye. Magana ta je gaban alƙali, aka ɗaure Yaya wata shida a gidan yari a Kano.

Hannun Sabo ya warke, mai ɗori ya yi aikinsa. Wasan ne bai warke ba. In sun haɗu a hanya sai su gaisa kamar baƙi, kowa ya wuce. Yaya kuma tun da ya fito ya nemi aiki wuri uku, gadi a wani kanti, da ɗaukar buhun gyaɗa, da aikin hanya. Ko'ina sai an tambayi mai unguwa, ko'ina sai a ce masa ya dawo wani lokaci. A ƙarshe ya gaya wa Inna cewa in rani ya ƙare bai sami abin yi ba, Jos zai tafi haƙar kuza. Yadda ya faɗi maganar, mun san ba tafiyar dawowa yake nufi ba.

Ana cikin haka sai Ya'u, wanda yake riƙe wa Sabo igiya, ya sami saƙon rasuwar mahaifinsa, ya koma garinsu. Wuri ya buɗe. Inna ta matsa wa Yaya har ya je wurin akawu, ya dawo da takarda mai tambayoyi da wani fensir da ake lasa, mai shuɗin rubutu wanda ba ya goguwa.

A gidanmu ni kaɗai na shiga makarantar boko, aji uku na yi a Wudil. Da la'asar Yaya ya zauna a kan turmi, ni ina kan tabarma da jaririyata a cinyata, matarsa Indo tana tankaɗe a gefe.

"Auta, ki rubuta da kyau," ya ce da ni. "Takarda ɗaya ce, akawu ya ce babu wata."

Na rubuta sunansa da na Baba da sunan gari. Na zo tambaya ta biyar na tsaya.

"Mene ne?" ya ce.

Na karanta a hankali, kaina a ƙasa. "Wai ko an taɓa ɗaure ka. In an taɓa, a kan me."

Indo ta ajiye rariya. "Rubuta a'a, Safara'u. Takardar nan Kano za ta. Wa ya san shi a Kano?"

"Kano kuwa ai can suka fi sanina," in ji Yaya. "Har gidan da na sauka sun sani."

"To ka je Lajawa wurin Kawu, mai unguwarsu ya sa maka hannu. Shi bai ji komai ba."

"Ga Sabo nan a bakin ramin, Indo. Hannun nasa ma Lajawa zan kai?" Ya juyo gare ni. "Rubuta e. Wata shida. Faɗa a kan iyakar gona."

Na rubuta. Ya juya yana kallon kaji. Can sai ya ci gaba da ƙaramar murya.

"Hannun taubashina Sabo na karya. Ni ne da laifi. Ko da ya matsar da gambar, gamba ce, ciyawa ce. Tun ranar ban iya kallon hannun nan ba."

A makaranta shifta na fi iyawa. Malaminmu ya koya mana cewa duk abin da ya fito daga bakin mai faɗa, shi hannu zai bi, ba a tsallakewa, ba a tambaya. Hannuna kuwa ya bi. Sai da na kai ƙarshen layi na ɗago, na ga Yaya ba ni yake kallo ba, da kansa yake magana. Na goga da yatsa, rubutun ya ƙara fitowa. Na buɗe baki in gaya masa, kunya ta hana ni. Na naɗe takardar na miƙa masa.

Washegari da hantsi na goya yarinyar, na tsaya a inda zanar dangarmu ta ɗan yage. Yaya ya zo da takardar, mai unguwa ya riga ya dangwala yatsa. Malam Dattijo ba ya karanta boko, saboda haka akawu ne yake karanta masa duk takardar da ta zo, a fili, gaban kowa. Sabo yana zaune a bakin rami yana ɗaure igiya a ƙugunsa.

Malam Bilya ya karanta har tambaya ta biyar. "E. Wata shida. Faɗa a kan iyakar gona." Bai tsaya ba, ya zarce. "Hannun taubashina Sabo na karya. Ni ne da laifi. Ko da ya matsar da gambar, gamba ce, ciyawa ce. Tun ranar ban iya kallon hannun nan ba."

Yaya ya waigo wajen dangarmu, na durƙusa da sauri. Sabo bai ɗago ba, igiyarsa kawai yake ƙullawa yana kwancewa.

Malam Dattijo ya gyara murya. "Malam Haladu, ka faɗi gaskiya, Allah ya saka maka. Amma ofis ya ce wanda ya taɓa shiga gidan yari sai helma ya tsaya masa kafin a rubuta sunansa. Ni kuwa ban san ka ba. Da kwaɓa siminti ne da na gwada. Igiya ce. Mutum yana ƙasa gaba goma, ransa yana tafin hannunka. Wanda zuciya ta taɓa ɗauka har ya ɗaga ƙota, ban iya ba shi igiya."

"Na gode, Malam," in ji Yaya. Ya juya ya shigo gida.

Na zaci zai yi mini faɗa. Tsayawa kawai ya yi a kaina ya ce, "Auta, wa ya ce ki rubuta wannan?" Hawaye suka zubo mini. Ya girgiza kai ya shiga ɗaki. Da yamma na ga Indo tana wanke masa riguna biyu, idonta ja. Ta ce jibi zai bi motar Wudil.

Da gari ya waye, wajen hantsi, sai muka ji hayaniya a gindin tsamiya. Na koma wurin yagar zana. Sabo yana zaune a kan tulin ƙasa ya miƙe ƙafafu, igiya a yashe a gefensa.

"Sabo, rana tana yi," in ji Malam Dattijo. "Ga Babba zai riƙe maka."

"Babba yana gyangyaɗi a tsaye, Malam. Jiya da na ɗaga kai hancinsa kawai nake gani yana sama yana ƙasa."

Aka yi dariya. Helma ya ce, "To zaɓi wani."

"Malam, tun kana yaro kake aikin nan. Wa ke zaɓen mai riƙe igiya?"

"Mai shiga."

"Helma yana sa baki?"

Malam Dattijo ya ce, "Ba ya sawa."

"Madalla." Sabo ya miƙe, ya tako har jikin dangarmu. Na ja baya har na kusa taka kaza. Ya ɗaga murya. "Salamu alaikum, Inna! Kin tashi lafiya? Bawan nan nawa yana ciki, ko ya gudu?"

Inna ta saki muciya. Shekara biyu ba mu ji wannan kalma ba. Ta ce, "Yana ciki, ɗan nan. Yana ciki."

"Ki ce ya fito. Gwamnati ta ciyar da shi wata shida kyauta, ya zo mu ga ko tuwon ya zama ƙarfi."

Yaya ya fito daga ɗaki a hankali. Ya dubi Inna, ya dube ni, ya fita.

Malam Dattijo ya ja Sabo gefe, amma ina jin su. "Ka san abin da kake yi? Shi ne fa ya karya ka."

"Ai shi ya sa, Malam. Duk mutanen nan ban san iyakar fushinsu ba. Nasa na sani, a hannuna yake rubuce. Jiya kuma na ji abin da na yi shekara biyu ina jira." Ya sosa ƙeya. "Gambar ma dai na matsar da ita. Taku biyu."

"Uku," in ji Yaya daga bayansa.

"Kun ji ko? Har yanzu yana ƙirgawa!"

Helma bai yi dariya ba. Ya ce, "Yau ɗaya. Ina tsaye a bayansa. In na ga abin da bai yi mini ba, shi ke nan."

Aka ɗaura wa Sabo igiya, aka zura ta a ƙarfen da ke juyawa a saman itatuwa uku. Yaya ya kafa ƙafa ya naɗa igiyar a hannu. Sabo ya yi bismilla ya sauka. Bai kai ƙasa ba muryarsa ta fara fitowa daga ramin.

"Sannu-sannu, fursuna! Buhun gyaɗa ka ɗauke ni?"

Yaya ya ci gaba da sakin igiyar a hankali.

"A gidan yari wa ya yi maka aski? Har yau kan bai koma daidai ba."

Leburori suna ta ƙyaƙyatawa. Bokitin ƙasa yana hawa yana sauka. Sabo bai bar komai ba, ya taɓo tafiyar Yaya, ya taɓo gonarsa, ya ce ko jakin Kausani ya fi shi iya huɗa. Wani lokaci ya fizgi igiyar da gangan. Na ga jijiyar wuyan Yaya ta tashi, gumi yana bin bayansa, amma hannunsa bai motsa ba, idonsa yana cikin ramin. Malam Dattijo yana tsaye a bayansa ya harɗe hannu. Ni kuwa ƙafata ta sage, yarinyar ta yi barci a bayana, ban bar wurin ba.

Gab da azahar Sabo ya ƙwala kira. "Kai bawa, ka yi barci ne? Ja ni, yunwa nake ji!"

Yaya ya leƙa ramin ya ce, "Ka yi magana da ladabi, ɗan gwaggo. Yau ubangidanka ne a sama."

Dariya ta ɓarke har cikin ramin. Yaya ya jawo shi a hankali, hannu bayan hannu. Da kan Sabo ya fito, sai ya miƙo hannun dama, wanda aka ɗora. Yaya ya dubi hannun sosai, sa'an nan ya kama ya fito da shi.

Malam Dattijo ya kira akawu. "Malam Bilya, takardar jiya tana nan?"

"Tana cikin jaka."

"Rubuta a ƙasa. Ka ce ni Dattijo na tsaya masa. Ka ce an zage shi tun hantsi har azahar yana riƙe da ran mai zagin, igiya ba ta zame ko taƙi ɗaya ba."

"Haka zan rubuta, Malam? Har zagin?"

"Har zagin. Ita mai rubutun farko ta rage wani abu ne?"

Duk suka juyo wajen dangarmu. Na ruga ɗaki.

Akawu ya ce amsar ofis za ta ɗauki sati uku, kafin nan Yaya zai yi aiki a kan maganar helma. Indo ta kwance ƙunshin rigunan ta mayar cikin adudu. Ranar da aka cimma ruwa amsar ba ta riga ta zo ba, amma sunan Yaya yana cikin waɗanda za su wuce Kausani haƙa ta gaba, domin Sabo ya ce ba ya shiga ramin kowa sai da bawansa.

Da yamma Yaya ya shigo da ƙwarya cike da ruwan sabuwar rijiya, da sauran laka a ciki. Ya ba Inna ta kurɓa, ya miƙo mini.

"Sha, Auta," ya ce. "Amma daga yau in kina riƙe da fensir, ba na magana a gidan nan."