Zanen Fuskar Hawwa

Kakata Hawwa ba 'yar ƙasar nan ba ce. Daga Barno ta taso a shekarar yunwa, ita da mijinta da jaki guda. Mijin ya rasu a hanya, ta binne shi, ta ci gaba da tafiya da tsohon ciki har ta yada zango a dajin da ke tsakanin Tasawa da Mayahi. Ita ta fara sassabe a nan, ita ta lallashi wasu mafarauta suka haƙa mata rijiya. Da mutane suka taru, sai aka sa wa garin sunan ɗanta Mahaman, wanda lokacin ko rarrafe bai iya ba. Har yau abin yana ba ni haushi.

Mahaman ɗin shi ne ubana. Ya tashi fuska ba zane, don babu wanzami a dajin. Da aka haife ni, tun Nasara ba su iso ba, Hawwa ta kafe sai an yi mini zanen Barebari irin nata. Ubana kuwa zanen mutanen ƙasar yake so. Zamanin hari ne, kuma wanda aka kama da zanen gida yakan sami mai gane shi ya fanso shi.

"Inna, in an ɗauke ta, wa za shi san tamu ce?" in ji shi.

"Ni na sani. Abin da ni taho da shi daga gida ke nan, ba ni barin shi a hanya."

Ranar suna da hantsi, wanzami Ɗan Azumi ya kwance zabira, ya ce shi bai taɓa yin zanen Barno ba, sai dai ya kwaikwaya daga fuskarta. Ta zauna cikin rana, ta ɗaga kai. Ya duba dama, ya duba hagu, ya yi ta sosa ƙeya.

"Iya, ki gahwarce ni. Ban iya raba zanen da tamoji."

"Makaho! Kawo hannunka."

Ta kama yatsansa ta bi da shi kumatunta tana ƙirgawa. Ta kai bakwai ta tsaya. Ta sake daga fari, wannan karon tara ta samu. Ta sa aka kawo ruwa a ƙwarya ta leƙa, ta daɗe tana kallon tsohuwar da ke ciki. Babu wanda za ta tambaya, duk wanda ya san fuskarta tana budurwa ya mutu ko yana can gabas. Uwata ta ce ba ta taɓa jin tausayin mutum kamar na ranar ba.

Can Hawwa ta ture ƙwaryar.

"Yi mata na nan," ta ce. "Amma ni za ni riƙe ta."

Aska na aiki, ina tsala kuka, ita kuma ta sa baki a kunnena tana jero sunayen iyayenta da kakanninta, har mutum goma sha ɗaya. Ta ci gaba da maimaita mini su kullum muna sussuka, har ta rasu ina shekara shida.

Yanzu na tsufa, jikokina suna tambayata daga ina muka fito. Sunaye huɗu kawai na riƙe, na huɗun ma ban tabbata ko mace ce ko namiji ba.