Jinin da Auta Ke Bukata

Sana'arsa gyaran firji ce, amma an daɗe da daina kiransa mai gyara. Tun ranar da ya ɗora hannu a kan ɗan maƙwabcinsa da ke fama da zazzaɓi, yaron ya tashi ya nemi abinci, sunansa ya koma Mai Addu'a. A coci kujerarsa na gaba, dab da ta Fasto. Mutane sukan yi layi a ƙofar shagonsa, wasu da firji, wasu da ciwon baya. Ya taɓa tsayawa a kan mumbari ya bugi ƙirji ya ce a gidansa ciwo ba ya kwana, jama'a suka tafa.

Sai ga 'yarsa Auta, budurwa mai shirin gama sakandare, ta fara ramewa. Idanunta suka yi fari, in ta hau matakala sai ta zauna ta huta. Matarsa ta ce a tafi asibiti, ya ce a'a. Ya yi azumi, ya shafa mata mai a goshi, ya kulle ta a ɗakin ciki, ya gaya wa mutanen coci ta tafi hutu wurin gwaggonta. Makonni suka wuce a haka.

Ranar Lahadi da safe yana ɗaura agogo zai tafi sujada, ya ji faɗuwar abu a banɗaki. Kafin ya isa, matar ta riga ta tallafo kan yarinyar tana ihu. Wannan karon ba ta nemi izininsa ba, ta fita titi ba takalmi ta tare tasi. Shi ne ya ce wa direban ya wuce asibitin unguwa, ya kai su na can ƙarshen gari, inda ba wanda ya san shi.

Likitan mace ce mai gajeren bayani. Ta ja fatar idon Auta ƙasa ta duba, ta dubi iyayen.

"Tun yaushe take haka?"

Ba ta jira amsa ba, ta ci gaba.

"Jininta ya kusa ƙarewa. Irin nata kuma yana da wuyar samu, babu shi a ma'ajiyarmu, mun buga wa wasu asibitoci su ma babu. Ku kawo mutane a gwada, da yawa, yanzu. Ba na son la'asar ta same ta a haka."

Aka gwada nasa, bai dace ba. Aka gwada na uwar, shi ma haka.

Ya fita da gudu zuwa bakin titi. Ya tare wani mai sayar da ruwa, ya tare masu dako biyu, yana roƙonsu yana kama musu riga. Ɗaya ya biyo shi, jinin bai dace ba. Ya buga wa wani mai otal da yake yi wa gyara, mutumin ya ce yana kan hanyar tafiya. Ya buga wa ƙaninsa, waya a kashe. Rana ta ɗaga, rigar sujadarsa ta jiƙe sharkaf da gumi.

Da ya dawo ɗakin, matar na zaune a bakin gadon tana murza tafin ƙafar Auta, wanda ya yi sanyi.

"Ka samu?"

"Ina kan nema."

"Baban Auta, coci cike yake da mutane a wannan lokacin. Ka je ka faɗa musu."

"Ki bari in ƙara gwada tasha. Akwai mutane a tasha."

"Mutanen tasha sun san ta ne? Su suka riƙe ta ranar da aka yi mata baftisma?" Ta juyo ta dube shi. "Na yi maka shiru duk makonnin nan, Allah ya gafarta mini. In yarinyar nan ta tafi, ka ɗauki sunan naka ka kai shi ɗakinta ya kwana a gadonta. In ba za ka je ba, zauna ka riƙe ta, ni zan je."

Ya fita baranda ya durƙusa kusa da wani tsohon keken marasa lafiya, ya fara addu'a yadda ya saba, da ƙarfi. Ya tuna wa Ubangiji azumin da ya yi, da marasa lafiyar da ya ziyarta, da rufin coci da ya tsaya aka gyara. Yana cikin lissafin sai ya ji muryar kansa, kamar ta mai aiki da ya zo karɓar lada. Ya nemi wata kalma ya rasa. Abin da ya fito daga ƙarshe guda ɗaya ne, a hankali.

"Yesu, ka ji tausayi."

Ya tashi ya shiga mota.

Ana tsakiyar waƙa ya iso. Mai tsaron ƙofa ya washe baki ya ce, "Yau Mai Addu'a ne da makara? Lalle duniya ta zo ƙarshe." Wata mata ta riƙo hannunsa tana cewa bayan sujada ya taimaka ya duba mata jikanta. Ya zame hannunsa. Ya wuce kujerarsa bai zauna ba, ya tsaya a gaban mumbari, a ƙasa. Mawaƙa suka yi shiru ɗaya bayan ɗaya. Fasto, dattijo ne mai furfura, ya miƙo masa abin magana, shi kuwa ya girgiza kai.

"Auta ba ta wurin gwaggonta," in ji shi. "Ƙarya na yi muku. Tana gida ba lafiya, na hana a kai ta asibiti don kada ku ce addu'ata ta gaza. Yanzu tana kwance, jininta ya ƙare, nawa bai yi ba." Ya durƙusa a ƙasa. "Ba ni da komai. Ku taimake ni, don Allah."

Can baya wata gwauruwa mai sayar da gawayi ta miƙe. Bara mijinta ya rasu bayan Mai Addu'a ya yi masa addu'a.

"Ranar da muka binne maigidana," in ji ta, "ka ce mini bangaskiyata ce ta yi kaɗan. Shekara guda ina kwana da maganar nan."

Bai ɗaga kai ba. "Ki yafe mini, Mama. Ban san abin da nake faɗa ba."

Ta dube shi. Sannan ta sunkuya ta ɗauki jakarta.

"Wane asibiti ne?"

Fasto ya rufe Littafi Mai Tsarki ya ce yau a can za a ƙarasa sujada. Ba kowa ne ya tashi ba. Wasu sun zauna suna ƙus-ƙus, wani ya fita yana tsaki. Amma motar coci ta cika, wasu suka bi a tasi, wasu a babur.

A asibiti aka yi layi har waje. Nas na fitowa tana girgiza kai, ta kira na gaba. Jinin gwauruwar bai dace ba, na Fasto ma haka. Mai Addu'a na zaune a ƙasan baranda yana kallon inuwa tana matsowa, duk fitowar nas sai ya ɗaga kai ya dube ta. Layin ya kusa ƙarewa aka samu na mai kaɗa ganga, wani siririn mutum mai tsoron allura, wanda ya rufe ido yana cewa a yi sauri kafin ya canja ra'ayi. Daga baya aka samu na wata malamar makaranta.

Fasto ya zo ya zauna kusa da shi a ƙasa, da audugar allura a hannunsa.

"Baba, na gama yawo," in ji Mai Addu'a. "Da wane ido zan ƙara shiga coci? Ni yanzu mene ne?"

"Abin da kake tun farko. Kana tsammani Allah aiki ya ɗauke ka, da zai kore ka in ka gaza? A matsayin ɗa ya ɗauke ka. Tun kana kwance ƙarƙashin firjin mutane ba wanda ya san sunanka, Yesu ya riga ya mutu dominka. Darajarka ba ta ƙaru ba ranar da yaron maƙwabcinka ya tashi, yau ma ba ta ragu ba." Ya dafa kafaɗarsa. "Ni ma da laifina, ni na ba ka kujerar gaba ina jin daɗin cikar coci. Amma akwai gidajen da za ka je ka ba da haƙuri, kuma zan raka ka."

Mutumin ya kifa kai a gwiwa ya yi kuka, irin kukan da bai yi ba tun yana yaro.

Da yamma likita ta kira iyayen. Ta ce jinin ya shiga, amma jinkirin ya taɓa ƙodar yarinyar, ba za ta yi musu alkawarin komai ba sai an ga kwanaki masu zuwa. Matar ta saurara ba ta dubi mijin ba ko sau ɗaya.

Suka shiga ɗakin. Auta ta buɗe ido da ƙyar, leɓenta a bushe.

"Baba, ƙishi."

Ya dubi nas, ta ce a ba ta kaɗan-kaɗan da cokali. Ya kai cokalin bakinta, ruwan na zuba a kan zanin gado. Matar ta kalle shi na ɗan lokaci, sannan ta matso ta ɗago kan yarinyar don ya samu ya ba ta.