Tsamiyar da ke Ƙarƙashin Ruwa

Mujitaba ya yi wa ubansa makaho ƙarya, kuma da gangan ya yi ta. Kada wani ya ce ƙuruciya ce, mutum ne mai 'ya'ya uku.

Uban, Malam Abdulhadi, masunci ne, yana cikin waɗanda aka tasa sa'ad da dam ɗin Tiga ya cinye ƙauyensu. Da ya makance, sai ya danƙa wa Mujitaba ɗan kwalekwalen da gidan ke ci da shi. Bana suka tafi Kwanar Dangora wurin wani bakanike, Ɗantani, don su zaɓi tsohon injin da za a ɗaura wa kwalekwalen. Biyu ne jingine da bango, kowanne ya kusa sa'ar Mujitaba. Ɗaya gajere, fentinsa duk ya koɗe. Ɗaya dogo, ja, mai ruri. Aka tayar da su, tsohon ya saurara, sannan ya auna ƙafar kowanne da taƙi.

"Gajeren za mu ɗauka," in ji shi. "Ruwanmu ba fili ba ne, gari ne a ƙarƙashinsa. Da rani doguwar ƙafa tuntuɓe take yi."

"Baba, wannan fa tari yake kamar tsohon jaki. Dariya za a yi mini a bakin ruwa."

"Su yi ta yi. Ɗauko."

"To, Baba."

Bakinsa ya ce to, idonsa ya ƙifta wa Ɗantani. Jan aka ɗaure a buhu aka sa a mota.

Al'adar tsohon ce, duk shekara in ruwa ya ja baya, sai a kai shi saitin kufansu ya yi wa iyayensa addu'a, don a can ƙasa suke kwance. Da ranar ta zo, da hantsi suka fita su biyu. Filafili ma Mujitaba bai ɗauka ba, wai mai inji ba ya tuƙi da hannu.

Da aka ja igiya, tsohon ya karkata kai.

"Muryar injin nan ta sake."

"Fulogi aka canja masa, Baba."

Ƙarya ta haifi ƙanwarta. Suka nausa ciki, tsohon yana ba da hanya da ka, kamar yana tafe a lungunan garinsu.

"Ka bar dutsen nan a damanka. Yanzu muna kan kasuwa. Gaba kaɗan tsamiyar ƙofar gidanmu ce. Bi ta kanta kawai, ƙafar injinmu ba za ta kai ba, da sauran taƙi guda."

Mujitaba ya san tsawon abin da ke bayansa. In ya kauce, za a tambaye shi dalili. In ya yi magana, ya tona kansa. Ya riƙe hannun injin gam, ya miƙe ta kan tsamiyar.

Sai ƙara. Ƙafar injin ta cusa tsakanin rassan tsamiyar ta maƙale, katakon bayan jirgin ya tsage, ruwa ya fara shigowa. Mujitaba ya ja, ya girgiza, ya nutsa ya taɓo, ko motsi. Ba gaba, ba baya. Gaɓa ta yi nisa. Shi zai iya iyo, amma ba da makaho ɗan shekara tamanin a bayansa ba.

Tsohon ya lallaɓa ya kai hannu baya, ya bi ƙarfen da taƙi har hannunsa ya shige ruwa. Sannan ya lalubo ƙoƙo ya miƙa masa.

"Kwarfe."

Abin da ya faɗa ke nan. Rana ta take, ta gota. Mujitaba yana kwarfewa, ruwa yana komowa, kafaɗunsa kamar za su cire. Uban kuwa ya ɗaga hannu ya yi addu'ar da ta kawo shi, ruwa har idon sawunsa. Sai da la'asar Jibrin, ɗan ƙanen Malam, ya hango su, ya zo da jirginsa na filafili ya kwashe su.

Injin yana nan a kan tsamiya har yau. Kwalekwalen da aka janyo aka gyara, Malam ya ba Jibrin a gaban jama'a. Mujitaba kankarar ɓawon kifin wasu yake yi a bakin ruwa, kuma ubansa bai ƙara dafa kafaɗarsa zuwa masallaci ba.