Baƙon da Ya Zauna a Tokar Murhun Anakso

A garin Melanta ba a tambayar baƙo sunansa sai ya ci ya ƙoshi. Haka Anakso matar Orsilos ta yi wa mutumin da ya faɗo musu gida a shekarar da jiragen wani sarkin yaƙi mai suna Turimas suka yi wa tsibirinsu ƙawanya. Ya zo jina-jina, ya ce daga sansanin abokan gaba ya gudo, ya wuce kai tsaye ya zauna a tokar murhu, inda ba wanda ya isa ya taɓa mai neman mafaka. Ta wanke masa ƙafa, ta shafa masa man zaitun, ta ajiye masa gurasar sha'ir da cukun akuya, alhali ita kanta ta manta rabonta da ƙoshi.

Sai da ya suɗe kwano sannan ya ciro rabin wani ƙashin rago daga wuyansa. Orsilos ya ɗauko nasa rabin, wanda ubansa ya karya tare da wani amininsa na ƙetaren teku don zuriyarsu su gane juna. Aka haɗa, suka zauna daram. Baƙon ya ce sunansa Fedimos, jikan aminin nan ne. Orsilos ya rungume shi har da hawaye.

Maƙwabta sun yi ta gunaguni, wai ina aka taɓa ganin gudajje da ƙiba haka. Anakso ce da kanta ta fita ta wanke su tas. Don ma su ji haushi, ta ɗauko jan mayafin da ta saƙa wa ɗanta da ya mutu a farkon yaƙin, ta yafa wa baƙon.

Orsilos ne mai tsaron ƙaramar ƙofar da mata ke bi zuwa rijiya. Ranar hadayar bijimi, da tsakar rana, gari duk yana haikali, Fedimos ya kai masa rabonsa na nama. A nan ya soke shi, ya zare sakata, mayaƙan Turimas suka kwararo ciki. Kafin la'asar Melanta ta zama toka.

Washegari aka jera matan a bakin teku za a raba su. Turimas ya ce Fedimos ya fara zaɓa, tunda shi ya buɗe gari. Marar kunyar ya tsallake 'yan mata, ya nuna Anakso, ya ce gurasarta ta yi masa daɗi. Mayafin ɗanta na kafaɗarsa. Ta rantse a ranta ko za a yanka ta, hannunta ba zai ƙara ciyar da shi ba.

Ta lura da wani abu. Mayaƙan suna ta yaba masa yadda ya haura katanga shi kaɗai. Ashe labarin da ya ba su ke nan.

“Sannu da aiki, baƙona,” ta ce. “Mayafin ya karɓe ka.”

Ya ce ta rufe masa baki. Ta juya masa ƙeya, ta fuskanci masu tuƙin jirgi.

“Ku da za ku zauna jirgi ɗaya da shi, ba katangar da ya haura. A tokar murhuna ya zauna. Hannun nan ne ya wanke masa ƙafa. Ya ci gurasata, ya zuba wa Zeyus, abin bautarmu, ruwan inabi tare da mijina, sannan ya kashe shi da wuƙar da muka ba shi ta yankan nama.”

Ta kwance bakin zanenta, ta watso ƙasusuwan biyu a yashi. Wani tsohon matuƙi ya ɗauka ya haɗa, ya yar da su kamar ya taɓa garwashi. Turimas ya ce surutun mata ne, a wuce wurin. Ba wanda ya motsa. Kashe mutum a fagen fama ba ya hana su barci, amma teku na da faɗi, kuma ba mai son ya hau katako ɗaya da wanda Zeyus mai kare baƙi yake nema.

Fedimos ya so ya gyara, sai ya ƙara ɓatawa. Ya ce ai ƙashin ma ba nasa ba ne, a wuyan wata gawa ya cire, saboda haka amanar ba ta hau kansa ba.

“Gurasar fa?” in ji tsohon matuƙin. “Ita ma gawar ce ta ci?”

Turimas na son komawa gida, kuma ba shi ne zai ja jiragen ba. Ya sa aka tashi, aka bar Fedimos a yashi tare da rabonsa, wato Anakso, don ba mai son taɓa abin da ya zama nasa. Anakso ta tsaya tana kallon jiragen suna tafiya da maƙwabtanta, waɗanda ta zaga saboda shi. Wannan ne kaɗai ya sa ta kuka.

Ta koma kangon gidanta, ta binne Orsilos, ta tono ɗan sha'irin da wuta ta bari, ta niƙa ta gasa. Ƙamshin ne ya jawo Fedimos. Ya shigo sum-sum, ya sake zama a tokar murhu, ya kira ta inna.

“Tashi,” ta ce. “Murhun nan ba ya kare kowa yanzu, kai ka kashe shi. Ajiye mini mayafin ɗana.”

Ya kai hannu kan takobinsa. Ta ce ya sare ta in ya isa, ya ƙara alhakinta a kan na mijinta, Zeyus na kallo. Ya daɗe a haka, sannan ya sauke hannu ya cire mayafin. Ta raba gurasar biyu, ta ɗora rabi a kan kabarin Orsilos, ta zauna ta cinye ɗayan a hankali yana kallo. Shi ne mutum na farko da ya taɓa fita daga gidan Anakso da yunwa.