Katin Yunus

"Karanta min wannan," in ji Baba Wada. Ya miƙo min wani kati.

Maƙwabcinmu ne a unguwar Misfala ta Makka, tela, kwana tara yana kwance bai tashi ba. Matarsa Inna Asiya ce ta kira ni bayan azahar, don ni kaɗai a layinmu na yi karatu a Ingila. Katin daga ɗansu Yunus yake, wanda ya bi jirgin ruwa can shekara uku da suka wuce. A baya layi biyu ne na gaisuwa. A gaba hoton wani dogon gini na dutse.

"York Minster," na ce.

"Ma'anarsa, ya waladi. Faɗa min, ɗana."

"York gari ne. Minster tsohuwar kalma ce, daga Latin suka samo ta. Asalinta gidan ruhubanawa, masu barin iyali su keɓe don ibada. Daga baya ta zama sunan manyan majami'u."

Inna Asiya ta daina yi masa fifita.

"Masu barin iyali," Baba ya maimaita. "Ya shiga cikinsu ke nan. Asiya, ban haifi..."

"Kada ka ƙarasa, Malam! Don Allah kada ka ƙarasa!"

Na ce, "Baba, kati ne kawai. A kowane kanti ake sayar da su, kamar yadda ake sayar wa alhazai hoton Harami a bakin ƙofar Bab Ibrahim."

Nan na ɓata lamarin. Ya zuba min ido.

"Wanda ya aika wa gida hoton Harami, Abdulƙadir, me ya kawo shi Makka?"

"Can ba haka ba ne. Ni ma na shiga ginin nan. Kallo kawai. Ga ni ina salla."

"Ka shiga?"

Ya zare hannunsa daga nawa, ya juya fuska bango. Numfashinsa ya fara sarƙewa. Inna ta jiƙa auduga da Zamzam tana ɗiga masa a leɓe, tana laƙƙana masa shahada. Ya karɓa. Sai ta sunkuya kan kunnensa.

"Ɗanka ne. Ka sa masa albarka, ka tafi."

Leɓensa ya motsa. "Yunus," ya ce. Muka jira sauran. Ladan ya kira la'asar, muna nan muna jira.

Bayan magariba aka yi masa salla a Harami, muka kai shi makwancinsa.

Rana ta uku Inna ta ajiye takarda da alƙalami a gabana.

"Rubuta wa Yunus ubansa ya rasu da sunansa a baki."

Na rubuta.

"Rubuta ya sa masa albarka."

Ba ta dube ni ba. Ta ƙura wa takardar ido, ita da ba ta iya karatu ba, tana jiran ta ga layin ya ƙaru. A tsakar gida mata na tankaɗe gari. Na riƙe alƙalamin a sama har tawada ta bushe a bakinsa, na sake tsomawa.