Cittar Daji a Gindin Katanga

Tagar ɗakin da Habsatu ke kwana daidai take da titi, saboda haka abin da ta sani game da unguwar Jamaica, a nan Amurka, ƙafafu ne kawai. Takalman ma'aikatan filin jirgi da safe, na 'yan makaranta da yamma, wani lokaci kare. Ɗakin a ƙarƙashin ƙasa yake.

Daga Bichi aka kawo ta a 1991, don ta yi jinyar Goggo Ladi, ƙanwar mahaifinta, wadda shanyewar ɓarin jiki ta kwantar. Ɗan Goggon, Yaya Ishiyaku, lodin kaya yake yi a filin jirgi. Da bizar Habsatu ta ƙare ba a sabunta ba, sai ya kafa mata doka.

"Kada ki ƙara bi ta ƙofar gaba. Ko shara ce ni zan fitar. In aka tsare ki a waje, wa zai ɗaga Inna?"

Saura ƙofar baya. Tana buɗewa kan wani ɗan fili da bai fi ɗaki ba, katanga ta kewaye shi, ƙatuwar bishiyar maƙwabta ta rufe samansa. Rana ba ta sauka a wurin, leƙowa kawai take yi. Ƙasar kuwa a lulluɓe take da wani ganye mai laushi, mai siffar ƙodar rago. Nan ne kaɗai Habsatu ke shaƙar iskar da ba ta warin magani.

Mai gidan, Baba Kwabena, tsohon direban tasi ne mai Hausar zangon Kumasi, mace da namiji duk "kai" ne a bakinsa. Wata rana ya tarar da ita a tsugune, ya karyo 'yar saiwa ya kai mata hanci.

"Cittar daji ne. Matata ya shuka kafin ya rasu. Ƙamshi kawai, kar ka sa a koko. Ba ya son rana, ba ya son ƙishirwa." Ya miƙa mata makullin ƙofar bayan. "Zan je Kumasi, gwiwata ba ya shiri da sanyi. Yarona Gafaru yana so ya zuba siminti a nan, ya ajiye kayan aikinsa, ya sa kwaɗo. Na ce sai ciyawar uwarka ya mutu. Ka kula da shi. In na dawo yana da rai, makulli naka ne."

Habsatu ta ce, "To, Baba," idonta a ƙasa. Ta ɗaura makullin a haɓar zani.

Bai daɗe da tafiya ba bishiyar ta fara zubar da ganye, zubar da Habsatu ba ta taɓa gani ba. A Bichi, ganye a tsakar gida shaidar ƙazamar mace ce, kuma makwancin kunama. Ta ɗauko tsintsiyar da Yaya ya sayo mata a unguwar Harlem. Kullum bayan ta wanke Goggo ta ba ta kunu, sai ta share filin tas, ta bi tsakanin cittar tana tsince ganyen da hannu, har sai sawun tsintsiya ya fito a ƙasa kamar na gida.

"Wannan kuma leda nawa zan ɗauka?" in ji Yaya Ishiyaku. "Ni ba motar shara ba ne."

Ba yadda ta iya. Ta riƙa tara ganyen a lungu, gindin katanga, bayan wata tsohuwar taya. Duk sanda ta dubi tulin sai kunya ta kama ta.

Da sanyi ya shigo sosai, cittar ta yi rawaya, ta kwanta, ta ɓace. Ƙasa ta daskare ta narke, ta sake daskarewa, ta turo saiwoyin waje kamar jijiyoyin hannun tsohuwa. Habsatu ta ɗumama ruwa a buta ta zuba musu. Kafin la'asar ruwan ya zama ƙanƙara, saiwoyin suka yi baƙi.

"Me kike wa kuka?" Goggo ta tambaya, bakinta a karkace.

"Ciyawar Baba ce ta mutu."

"Ke kam da sauranki. Mutane na zuwa Amurka su yi arziki, ke kin zo zaman makokin ciyawa. Zo ki juya ni, gefen nan ya gaji."

Ta juya ta. Duk tsawon sanyin haka ta yi: ta juya Goggo, ta kalli ƙafafu, ta buɗe ƙofar baya ta tsaya a kan dokin ƙofa har haƙoranta su fara haɗuwa. Tana tunanin ranar da za a sa kwaɗo a nan ma.

A watan Afrilu Baba Kwabena ya dawo, Gafaru na biye da shi da abin awo a hannu. Tsohon ya daɗe yana kallon ƙasar da ba ko tsinke.

"Wa ya share?"

"Ni ce, Baba."

"Kullum?"

"Kullum."

Ya girgiza kai a hankali. "Ka tuɓe mashi bargo cikin sanyi. Kai, ashe shi ne dalili. Matata bai taɓa share wurin nan ba. Shekara da shekaru ina mashi faɗan lalaci, yana mini dariya."

Gafaru bai tsaya jin tarihi ba. Ya ja abin awonsa har lungu, ya shuri tayar, ya nuna tulin ganyen ya yi magana da Turanci.

"Wai ka kwashe," in ji Baba.

Habsatu ta durƙusa ta sa hannu biyu. Saman a bushe yake, ƙasan a jiƙe, baƙi, yana ƙamshin damina. Ta ɗaga dunƙule ɗaya sai ta tsaya. Ga 'yan ganyaye a nannaɗe, kore shar, sun ɗago kai. A gindin ɗaya akwai wani ɗan fure ja-baƙi kamar ƙaramin tulu, ya kifa fuska a ƙasa, wanda ba mai ganinsa sai ya durƙusa.

"Baba," ta ce. "Baba, zo ka gani."

Uba da ɗa suka yi ta ja da Turanci. Ba ta ji ko kalma ɗaya ba, sai hannun Gafaru da ke nuna ƙasar da ta mutu, da na Baba da ke nuna lungu. Daga ƙarshe tsohon ya ja layi da dunduniyarsa daidai tayar.

"Daga nan zuwa can nashi ne. Nan naka ne. Riƙe makulli."

Aka zuba siminti, aka jera ƙarafa da gwangwanayen fenti. Abin da ya rage wa Habsatu bai fi faɗin dadduma ba, kuma sai ta raɓa ta gefen ƙarafan kafin ta kai.

Da bishiyar ta sake zuba, ta ɗauko tsintsiya. Ta share simintin Gafaru tas, ta tura ganyen duka kan cittar. Hannunta ya kai zai tsince wanda ya kwanta a karkace, ta janye shi ta cusa cikin zani. Ta zauna a kan tayar, ta ɗaga kai tana kallon ɗan saman da rassa suka bari.

"Habsatu," Goggo ta kira daga ciki. "Gefen nan ya gaji."