Baba Kwaɗo Ya Ƙi Hawa Dutse

"Ajiye jakar nan, Bolanle! Na ce ki ajiye ta!"

Iya Sikira tana tsugune a bakin murhu tana suyar ƙosai ta ji tsawar daga ɗakin da ke kallon nata. Ba ta zaci akwai sauran irin wannan ƙarfi a ƙirjin Mista Olaniyan ba. Ta sauke kasko, ta goge hannu a zani, ta bi dogon zauren da ya raba gidan hayar biyu.

Ta same shi zaune a bakin gado, ciki ya kumbura har ya ɗage singileti, ƙafafu kamar an hura su, idanu rawaya shar. Duk da haka ya riƙe hannun jakar tafiya gam, ƙanwarsa na jan ɗaya gefen. Tun jiya Anti Bolanle ta iso Ogbomosho daga Legas, da farin ɗankwalin coci a kanta, ga motar haya tana jira a ƙofar gida.

"Iya Sikira, don Allah ki yi masa magana," in ji ta cikin kuka. "Likitoci sun sallame shi, sun ce a kai shi gida. Na samo masa wuri a Dutsen Addu'a, fasto na jiran mu. Shi kuma wai jarrabawa!"

"Jibi yarana za su shiga gwajin sinadarai," in ji shi yana haki. "Na ƙarshe ke nan kafin su bar makaranta. Wa zai haɗa musu ruwan gwajin? Fastonki?"

"Yaya, mutuwa fa kake yi!"

"Na sani. Ai cikina ne, ba naki ba. Amma ba zan mutu a kan dutse ana kaɗa mini ƙararrawa a kunne ba. Ubangijin da nake bi ya san hanyar ɗakin nan."

Iya Sikira ta tsaya a bakin ƙofa, ta riƙe ƙugu. Kowa a layin ya san ba sa ga maciji da mutumin nan. Shi ne mai kula da ɗakin gwaje-gwajen kimiyya na sakandaren da ke bayan kasuwa: shi ke wanke kwalabe, ya auna sinadarai, ya gyara murhun gas, ya kuma nemo duk abin da ɗalibai za su fede. A bayan gidan nan ya yi ta kiwon kwaɗi da ɓeraye da kyankyasai a cikin gwangwanaye, har wata damina kwaɗinsa suka tsere suka faɗa tukunyar da ta jiƙa masarar koko. Ranar sai da mai gidan haya ya raba su. Tun daga nan take kiran sa Baba Kwaɗo, sunan ya bi shi har makaranta. Shi kuma ya sa mata Iya Tsami.

Amma yanzu ba kwaɗi ta tuna ba. Mijinta ta tuna, yadda 'yan'uwansa suka yi ta yawo da shi daga wannan mai magani zuwa wancan, yana roƙon a mai da shi ɗakinsa, har ya cika a bayan mota a hanyar Oyo, ita kuwa ko kusa ba ta nan.

"Anti, sallami direban nan," in ji ta.

"Ke ma? Ni na zaci ba kwa shiri!"

"Ba ma shiri. Shi ya sa na san taurin kansa. Ko kin ɗora shi a motar nan, a Ilorin za ki tarar ya dire."

"Ilorin ba hanyarmu ba ce."

"To, kin ga irin halinsa ke nan."

Mista Olaniyan ya yi dariya, dariyar ta koma tari. Bolanle ta saki jakar, ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da ɗankwali.

Washegari da safe Iya Sikira ta bar wa maƙwabciya tukunyar kokonta, ta tare keke mai ƙafa uku. Sai da ita da direban suka tallafe shi kafin ya shiga. Ya sa farar rigar aikinsa, maɓallan ba su haɗu a kan cikin ba, ya bar ta a buɗe.

A ƙofar makaranta mai gadi ya ƙi buɗewa. Ya sunkuyar da kai, ya ce shugaba ce ta hana. Ba a jima ba sai ga ta da kanta, Misis Adewumi, doguwa mai tabarau, tana sauri.

"Baba Olaniyan, don me kuka fito? Na ba ku hutun jinya. Malamar sinadarai za ta yi iya ƙoƙarinta."

"Ita kaɗai, da ciki wata tara? Ta ɗauki jarkar asid ta ina?"

"In kuka faɗi a cikin makarantar nan, me zan ce wa hukuma? Me zan ce wa iyalinku?"

"Ki ce musu a bakin aikina na faɗi. Ba abin kunya ba ne."

"Ba zan iya ba, Baba. Ku yi haƙuri."

Ya sauko daga keken a hankali, ya dafa ƙarfen ƙofar, ya zame ya zauna a ƙasa, daidai inda motar kowa za ta wuce. Ya miƙe kumburarrun ƙafafunsa.

"To, zan faɗi a waje. Sai ki faɗa wa hukuma haka."

Ɗalibai suka fara leƙowa ta tagogi. Masu talla suka matso. Iya Sikira ta kwance ɗankwali ta ɗaure shi a ƙugu, kamar yadda take yi in za a yi rigima a famfo.

"Madam, kin san ni? Ni ce mai ƙosan da malamanki ke ci. Mutumin nan tun ba ki zo garin nan ba yake shaƙar warin ɗakin can. Yau kuma ki bar shi a bakin kwata kamar almuru ya yi wa mai talla? Wallahi in ba a buɗe ba, nan zan kawo kaskona in kafa, ni da shi, har gobe!"

"Iya, ba faɗa ba ne."

"Ai ban fara ba tukuna."

Misis Adewumi ta cire tabarau, ta daɗe tana kallon tsohon da ke zaune a ƙasa. Daga nan ta karɓi makulli daga hannun mai gadi ta buɗe da kanta, ta kama hannunsa ɗaya, Iya Sikira ta kama ɗayan.

Iya Sikira ba ta taɓa shiga ɗakin ba. Dogayen tebura ne da tabon ƙuna ko'ina, famfo a kowane gefe, kwalabe jere a kanta, ga wani wari mai hawa kai kamar na ruɓaɓɓen ƙwai. Malamar sinadarai, Misis Falade, tana ganin sa ta dafa cikinta ta fashe da kuka.

"Ba kuka na zo ji ba, 'yata. Kawo mini kujera da ma'auni. Ke kuma Iya Tsami, ga kwalabe can, wanke."

"Ni? Aikatau na zo yi maka?"

"Wanke dai. In kin ɗauraye da ruwan famfo, ki sake da na jarkar can. Kada ki sa mini hannun mai a ciki."

Ta wanke. Tana wankewa tana mita, yana mayar mata. Daga zaune ya yi aikinsa. Hannunsa na rawa in ya ɗauki kofi, amma da ya ɗauki ƙaramin cokalin awo sai rawar ta lafa. Ya auna farin gari, ya narka, malamar ta karanta masa ma'aunin don idonsa ya fara dushewa. Da aka zo kan asid ya kore ta bakin taga saboda cikin, ya sa Iya Sikira ta riƙe masa babbar kwalba yana tsiyayawa kaɗan-kaɗan.

"Ta yi zafi!" in ji ta.

"Haka take. Riƙe, kada ki saki. Ke da ke tsoma yatsa a man ƙosai."

Sau da yawa sai ya tsaya ya kifa goshi a kan tebur, gumi na ɗiga. Sai Iya Sikira ta ce a tafi gida, ya ɗaga yatsa kawai. Ya gwada ruwan da kansa, ɗigo bayan ɗigo, har launinsa ya juya, ya sake gwadawa, ya sake. Sannan ya sa aka zaga da shi tebur-tebur yana murɗa kowane murhu, yana sansana ko gas na yoyo. Ɗaya ya ƙi kamawa, ya tsokane bakinsa da allura har ya ba da shuɗiyar wuta. La'asar ta yi kafin ya yarda aka fito da shi. A bakin ƙofa ya miƙa wa Misis Falade makullin ɗakin, bai ko waiwaya ba.

Ranar jarrabawa ƙafafun suka ƙi ɗaukar sa. Bolanle, wadda ba ta koma Legas ba, ta so ya kwanta. Ya ce a fitar da shi.

"Ba zan jira mutuwa a kwance ba. In za ta zo, ta same ni a zaune."

Suka ɗora shi a kan bencin ƙofar gida, suka jingina shi da bango, matashi a baya. Bolanle ta zauna kusa tana rera waƙar coci a hankali, bai hana ta ba. Iya Sikira ta kawo masa koko mai ruwa-ruwa. Ya kurɓi cokali ɗaya ya yamutsa fuska.

"Har yanzu da tsami."

"Za ka sha ko in zuba maka a kai?"

Ya ƙara cokali ɗaya. Ya tambaye ta ko an tashi daga makaranta, ta ce da saura. Ya ce in yaran sun zo a bar su su faɗa masa yadda ta kasance. Ta koma bakin murhu don suyar yamma, tana hango shi ta zaure.

Waƙar Bolanle ce ta tsaya. Iya Sikira ta ɗago, ta ga kansa ya ɗan karkata gefe, hannunsa a buɗe a kan cinya. Ta taso, ta tsuguna a gabansa, ta kira shi da sunan da ta sa masa, sannan da sunansa na gaskiya. Ta yi salati a hankali, ta shafa masa idanu. Bolanle ta kama hannunsa ta kifa fuska a kai, ba ta yi kururuwa ba.

A daidai lokacin hayaniya ta taso daga kan layi. Ɗalibai ne, maza da mata cikin kayan makaranta, suna tafe suna gardama da ƙarfi, wasu da tabon ja a yatsu. Wata doguwar yarinya ta rigo su gaba tana ɗaga hannu.

"Baba Kwaɗo! Launin ruwan ya juya! Nawa ya juya tun a karon farko! Ba wanda murhunsa ya mutu!"

Bolanle ta ɗago za ta yi magana, Iya Sikira ta dafa kafaɗarta.

"Faɗa masa," ta ce wa yarinyar. "Ku matso, ku faɗa masa duka. Amma a hankali."

Yarinyar ta tsaya, ta dubi fuskarsa, ta dubi matan biyu. Hannunta ya sauko. Na bayanta suka yi tsit ɗaya bayan ɗaya. Sai ta durƙusa a gaban bencin, kamar yadda ake gaida manya, ta fara ba shi labari da murya ƙasa-ƙasa, tun daga lokacin da aka buɗe musu ƙofa. Sauran suka zauna a ƙasa kewaye da ita.

Iya Sikira ta ga ƙudaje sun fara sauka a kan ƙafafunsa. Ta kwance zanin da ke kafaɗarta ta lulluɓe su, ta zauna a ƙarshen bencin tana saurare. Can cikin gida man ƙosai na ta hayaƙi a kan wuta.